Filin da Ke Gefen Eirlys

Zuwa ga ƙanwata Nesta, a Swansea.

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan gwiwar nan ta yi sauƙi. Albishirinki: asusun gyaran tsofaffin gine-gine ya yarda zai yi wa cocin ƙauyenmu sabon rufi. Kin san yadda muke ibada, Fasto na wa'azi, bokitan tarar ruwa na amsa masa da amin.

Sai dai ba a sayar da nama ba ƙashi. Sun ce ba sa gyara ginin da sai Lahadi ake buɗewa. Dole mu yi kicin da banɗaki, mutanen gari su riƙa zuwa shan shayi. Kaka da kakanni sun matse fitsari har a tashi, mu ne aka ga ba za mu iya ba.

Ki huta lafiya.
Yayanki, Idwal

Yaya Idwal,

Ina amsawa. Gwiwa tana nan tana mulkinta. Na yi murna, ko ba komai ka daina yawo da bokiti kamar mai tatsar shanu. Amma ban ji murna a rubutunka ba. Banɗaki sai da bututu, cocin kuwa kaburbura sun kewaye shi. Ta ina zai bi? Kada ka yi mini kwana-kwana, tare muka tashi.

Taka, Nesta

Nesta,

Ina gaisuwa. Ke dai tun kina yarinya ba a ɓoye miki abu. Mai awo ya zo. Ta arewa dutse ne. Ta gabas saiwar tsohuwar bishiyar nan, doka ta hana a taɓa. Sauran kuwa, duk inda ya kafa sanda akwai wanda ke kwance. Fili ɗaya ya samu ba kowa, daga jikin bango zuwa bakin hanya. Har da tafi ya yi, wai, "Baba, mun yi sa'a, kamar ajiye shi aka yi!"

Na ce, "Ƙwarai kuwa, ɗana, ajiye shi aka yi."

Wurina ne, Nesta. Gefen matata Eirlys, wanda na kama tun ranar da muka rufe ta.

Fasto ya ce ba zai matsa mini ba, amma kullum sai ga shi da kek a hannu. In ban sa hannu ba, tallafi ya tafi wani gari, a rufe coci kafin sanyi, a sayar. Na ƙauyen gabanmu an mai da shi gidan hutu. Da idona na ga baƙi sun shanya tawul a kan duwatsun kabari.

Allah ya bar zumunci.
Idwal

Yaya,

Gaisuwa a tsaye, raina a ɓace yake. Kada ka sa hannu. Ku nawa ne ma ranar Lahadi? Motar Fasto ta kwashe ku har da sauran wuri. A gabana ka yi wa Eirlys alkawari a asibiti cewa a gefenta za ka kwanta. Rufi na kowa ne, alkawari naka ne kai kaɗai.

Ƙanwarka, Nesta

Nesta,

Ina gaishe ki. Na sa hannu. Sai da na je kabarin Eirlys na gaya mata tukuna, ruwa na dukana. Ba ta ce uffan ba, abin da ba ta taɓa yi ba tana da rai. Gara bututu a gefenta da tawul ɗin baƙo a kanta.

An ba ni wuri a sabon fili, can bayan katanga. Dama kullum cewa take minsharina ya hana ta barci. To, ta huta.

Ranar Litinin za su tona, ba zan tsaya in gani ba. Ki gyara mini gado, ina nan tafe.

Yayanki, Idwal