Dawakin da Suka Ƙwace Gada

Uwata,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da maigidanki da yara. Ni dai ga ni nan, ba yabo ba fallasa.

Saƙonki ya iso. Ba zan koma gidanku ba, kuma ki daina yi mini zancen likitan ido. Idona ƙalau. Shayin da kika ga na zuba a gefen kofi, hannuna ne ya goce. Ɗakin da mijinki ya gyara mini ko teburina ba zai ɗauka ba. Na san kuma abin da yake kiran ƙananan sojojin wasan da nake jerawa a kansa: 'yan tsanar tsoho. Mutumin da bai taɓa kai littafi ƙarshe ba!

Yanzu haka yaƙi na kan teburin, yaƙin nan da na yi shekaru ina koyarwa kafin a soke darasin tarihi, a sallame ni da agogon bango. Masu shuɗiyar riga na son ƙwace gada, masu kore na tsare ta, kuma a tarihi shuɗaye ne suka sha kashi. Ni ke jan ɓangarorin biyu. In na motsa waɗannan, sai in zagaya in zauna a ɗaya kujerar, in manta abin da na ƙulla. Rula ke auna tafiya, ɗan ludo ke yanke wanda ya mutu. Kwanakin nan na kasa zama, ko abinci a tsaye nake ci, don ina ganin akwai hanya ta hagu.

Ki gaishe da yara.

Mahaifinki.

Uwata,

Ina gaisuwa, ya jikin ƙaramin? An ƙwace gada! Dawakina na ɓangaren shuɗaye sun ɓullo ta bayan tudu sun watsa masu kore. Abin da ya gagari janar-janar, tsohon malamin da aka ce ba shi da amfani ya yi shi, kuma ba maguɗi. Ki faɗa wa mijinki makaho ba ya cin yaƙi.

Mahaifinki.

Uwata,

Bayan gaisuwa, da fatan kowa lafiya. Ki yaga waccan wasiƙar.

Jiya da hantsi na kwashi dawakin nan zuwa baranda, in yi musu sabuwar tuta ladan aikinsu. Na ɗaga na farko a rana, na kanga masa gilashin ƙara girma. Rigar mahayinsa koriya ce. Na duba na biyu, na uku, har na ƙarshe: duk kore. Dawakin abokan gaba na ɗebo na karkashe 'yan uwansu da su, nawa kuwa suna can bakin kogi tsaye, ko taku ɗaya ba su yi ba. Da hannuna na yi wa kowannensu fenti, har maɓallan riga, yau ga shi na kasa raba su a cikin ɗaki.

Na yi ta kai-komo tsakanin baranda da tebur har ƙafata ta yi tsami. Na kunna duka fitilu, na ɗage labule. Launi ɗaya nake gani, kamar ta cikin hayaƙi.

Ki nemi likitan. Ki ce wa mijinki ya zo da mota, da kwalaye, da auduga mai yawa. Amma kada ya taɓa ko ɗaya daga sojojin. Ke za ki zauna kusa da ni, ina miƙo miki kina faɗa mini launin, ina naɗewa.

Naki,
Mahaifinki.