Sai Ɓawon Tsaga Ya Faɗi

Daga Bara'atu, maƙwafciyar Hubbare, zuwa ga yayana Na'Allah a Dundaye. Gaisuwa da fatan alheri.

Bayan haka, agana ta cika birni, kullum sai an fita da gawa a unguwarmu. Wanzami ya tsaga mini dantse, ya shafa ruwan ƙurjin wani da ciwon bai yi wa tsanani ba. Na sha zazzaɓi, ƙuraje uku suka fito, yanzu na miƙe. Ya ce agana ba za ta ƙara kama ni ba har abada. Na ji ta kwantar da Inna. Wa ke juya ta, wa ke mata wanka? Kai ko kunu ba ka iya damawa ba. Gobe ina tafe. Wassalam.

Daga Na'Allah zuwa ga ƙanwata, bayan gaisuwa.

Kada ki zo. Tun kina yarinya gaggawa ke gare ki. Ke kin tsira, amma muddin ɓawon tsagar bai faɗi ba, kina iya ɗora wa wani ciwon. Inna ta samu sauƙi, jiya har ta sha fura ludayi biyu. Ki zauna. Allah shi tsare.

Yaya, sallama da gaisuwa.

Na bi maganarka, ko da yake zaman ya fi zazzaɓin ciwo. Kwana goma sha ɗaya ina duba dantse kamar mai jiran kaza ta ƙyanƙyashe. Yau ɓawon ya faɗi. Ranar Juma'a za ku gan ni. Ka gaya wa Inna na daka mata yajin da take so. A huta lafiya.

Bara'atu, sai haƙuri.

Inna ta rasu ranar Laraba da hantsi. Mata duk sun tsorata, tsohuwa Tani mai zanzana, wadda ta taɓa yin agana, ita kaɗai ta yarda ta yi mata wanka.

Ƙarya na yi miki. Ba ta taɓa samun sauƙi ba, furar ma ba ta sha ba. Ɗiyata Rabi nake jiye wa tsoro. Na hana a yi mata tsaga don ina gudun aska a jikin 'yar shekara uku, na kai ta ɗakin maƙwabta. Na san in kin zo sai kin ɗauke ta kin rungume, na kuma san in na faɗi gaskiya, ko da sarƙa aka ɗaure ki sai kin taho. Inna ta yi ta tambaya, "Mi ah hana Bara tahowa?" Na ce kina hanya. Ki yafe mini, zuciyata ba ta da daɗi.

Yaya,

Allah shi jiƙan Inna. Da ka faɗi gaskiya, da na zo na tsaya daga bakin ƙofa ta ji muryata, ban taɓa kowa ba. Ka kawo Rabi a yi mata tsaga, ni zan yi jinyarta. Zancen yafiya kuwa, kada ka tambaye ni yanzu. Wassalam.