Lemun Citta Nawa Ne, Habu

Zuwa ga aminina, marigayi Malam Habu Direba,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana cikin rahamar Ubangiji, ina da magana da kai, kuma a gaban jama'a zan yi ta.

Ka sani na shigo Riyad da jaka ɗaya, ba dangi, ba mai tarba. Larabci a bakin titi na koye shi. Na yi leburanci, na koyi walda, na kama ɗaki biyu a unguwar Jaradiya, na ɗauko matata Hajara da yara daga Maradi, ba wanda ya ɗaga min ko tsinke. Lemun cittar nan ma ni na haɗa shi a farkon shekarun casa'in: citta, tsamiya, kanumfari, masoro. Injin danne murfi da jak ɗin mota na ƙera shi.

Ban musa an taya ni ɗurawa ba. Duk Alhamis bayan la'asar Hajara na tacewa, ƙaninta Isa na wanke kwalabe, ina riƙe da mazurari, kai kana danne murfi kana surutu, kana kurɓar abin da ba a ba ka ba.

Iƙamata, takardar izinin zamana, ta walda ce. Da kafil, ubangidan da ya tsaya min, ya ji ina sayar da abin sha, sai jirgi zuwa gida. Kai kuwa direban ofishin jakadanci ne, ba mai tsayar da motarka. Shi ya sa na ce duk wanda ya tambaya a ce naka ne. Baƙi na ce a faɗa wa haka, Habu, ban ce mu ma mu yarda ba.

Sai ga matan Unguwar Ofisoshin Jakadanci suna aike a kawo lemun Habu. A wurin buɗa-baki ana sa maka albarka, ina gefenka ina cewa amin.

Ka tuna ranar da ka manta katan biyu a but ɗin mota cikin tsakar zafi? Lemun ya tashi, kwalabe suka farfashe, mota ta ɗauki warin burkutu a garin da giya ke kai mutum kurkuku. Ni na tsince gilasan, har yau tabon na tafina. Amma labarin da ya zaga gari shi ne yadda Habu ya wuce masu gadin Unguwar Ofisoshin Jakadanci da motar yana murmushi.

Wadda ta fi yi min ciwo 'yata Balki ce, da ta ce a miƙo mata lemun Baba Habu. A ɗakina! Na haɗe rai, ka kwashe da dariya ka ce, “Lawali, wallahi ka fi lemun kwana uku tsami.”

Yanzu ɗanka Nura ya buɗe kamfani a Kano. An turo min hoton kwalbar: fuskarka, hularka a karkace, an rubuta asalin haɗin Habu na Riyad. Kai da ko kankare citta ba ka iya ba. Na daɗe ina kallon hoton ina huci, can sai na ga ba na iya ajiye shi. Ba ni da wanda zan yi wa fushi ya yi min dariya tun da ka tafi.

Allah Ya haskaka kabarinka, Ya shayar da kai abin da ya fi nawa daɗi.

Na san Nura zai karanta wannan. Ya bar hotonka, ka yi kyau. Amma a rubuta wanda ya haɗa, a sama, da manyan baƙaƙe.

Naka har kullum,
Mamman Lawali Maradi. Haka za a rubuta shi, kada a taƙaita.