Kabarin Ƙarya a Jikin Katangata

Ina gaida mai kula da wannan shafi da dukan masu karatu. A ɓoye sunana, kuma don Allah a ji ni har ƙarshe kafin a yanke mini hukunci, don wanda bai taɓa cin tuwo da warin bola a hanci ba, ba shi da bakin yi mini wa'azi.

Ni malamar firamare ce a Kafanchan. Da aka yanka filaye a sabuwar unguwa muka sami na ƙarshen layi, ashe ɗan filin da ke manne da katangarmu shi aka ware don zuba shara. Ɓawon doya, hanjin kaza, mushen kare, duk a ƙarƙashin tagata. Aladu su wuni suna tono, ƙudaje su taso daga can su sauka a abincinmu. Motar kwasar shara sau ɗaya na taɓa ganinta, ita ma wucewa ta yi. Autata ta yi gudawa sau uku, na ukun sai da aka ƙara mata ruwa. Na je wurin duba-gari, ya shimfiɗa mini taswira ya ce, "Madam, haka yake a takarda." To takardar ce za ta yi mini jinyar yarinya?

Wata Lahadi na ce kaina na ciwo. Unguwa na watsewa coci na ɗauki fartanya, na kau da sharar gefe, na tara ƙasa, na jera duwatsu, na kafa gicciyen katako. Duk wanda ya tambaya sai in ce tsohon kabari na tarar ina shara, na wani soja da ya rasu a jirgin ƙasa lokacin yaƙi. Wa zai zuba shara a kan mamaci? Ko ɓawon gyaɗa ba a ƙara yarwa ba. Yarinyata ta murmure, kuma har gobe ban yi nadamar wannan ba.

Sai labari ya kai garin Fadan Kagoma, wurin wata tsohuwa da ɗanta ya tafi soja bai dawo ba. Ta zo ta durƙusa, ta dafa ƙasar da ni na tara da hannuna, ta ce, "Shi ne. Jikina ya gaya mani." Yanzu duk wata sai ta zo da tsintsiyarta, ta kawo mini acca da citta, tana cewa, "Ɗiyata, Ubangiji ya biya ki, kin riƙe mani yaro." Ina karɓa, kunya kamar ƙasa ta tsage in shige. Amma ni na aika ɗanta yaƙi? Ni na zana taswirar?

Ga inda ta ɓaci. Danginta sun sami izini, ran Asabar za su zo da fasto su tona, su kai ƙasusuwansa gida kusa da kabarin ubansa. Har sun sa an yi akwati. In na yi magana, bola ta dawo tagata, sunana ya zube a coci da makaranta. In na yi shiru, tsohuwar nan za ta tsaya tana kallo a yi ta haƙa har a kai ga jar ƙasa.

Kada kowa ya ce in tuba don na kare 'yata, ba zan tuba ba. Tsohuwar ce ta hana ni sakat. Saura kwana huɗu. Me zan yi?