Ɗana Ya Ce Kwamfuta Ba Ta San Shekarar Fara Ba

Assalamu alaikum. Malam, ka taimake ni don Allah, abin ya fi ƙarfina. Ban yi boko ba, maƙwabcina ke rubuta mini, na kuma hana shi gyara ko kalma ɗaya.

Ɗana Zailani yana aikin kwamfuta a Kano. Ƙungiyar 'yan garinmu ta sa ya yi mata shafi a abin nan intanet, har da jerin dattawan gari, babba a sama. Ya zo ya tambaye ni shekaruna. Na ce an haife ni shekarar da fara ta cinye gero, kowa a Yako ya sani. Ya ce wai gurbin na lamba ne, ba ya cin zance. Na ce to ba zan ƙirƙiri ƙarya ba. Ɗanmaraya kuwa, wanda na goya da bayana, ya buɗe baki ya ce casa'in. Da aka bugo takardar aka karanta a taro, shi ne a sama, ni a can ƙasa, wai “ba a sani ba”. Ni da na sayar da bijimi na kai yaron nan Zailani makaranta! A gaban mutane na ce kada ya sake taka mini gida. Malam, bai sake ba. Sallah biyu ke nan. Uwarsa Salamatu ta daina yi mini magana sai ta abinci. Idona yana mutuwa, ina tsoron ya rufe ban ga yaron ba. Amma ni ba zan ba ɗan cikina haƙuri ba.

Dattijo daga Yako

Wa alaikumus salam, Baba. Ka yi daidai da ka ƙi yin ƙarya, shi ma Zailani ƙin yi maka ita ya yi. A yaren da ake rubuta waɗannan shafuka da shi, kowane bayani da irinsa: lamba daban, rubutu daban, i ko a'a daban. Kowane dattijo kamar adudu ne mai gurabe, suna nan, shekaru can. Na'urar tana jera manya ne da lamba, ba ta iya auna shekarar fara da casa'in.

Laifinsa shi ne bai yi dabara ba. Ana iya ƙara wa adudun gurbin rubutu ya ɗauki maganarka yadda ka faɗe ta, a kuma kintaci lambar wurin tsofaffin da suka tuna farar. Kai kuma ka kore shi a bainar jama'a, kuma bin umarninka yake yi har yau.

Ba sai ka ce “yi haƙuri” ba. Ka sa Salamatu ta aika masa cewa Baba ya ce a zo a gyara masa shekarunsa. Zai gane. Kada ka jira wata Sallar, idon ba zai jira ka ba. Allah ya ba ka lafiya, ya nuna maka fuskarsa.