'Yan Malfa a Yalwawa

Litinin, 7 ga Afrilu, 2025

Mun dawo da Baffa, mahaifina, gida daga asibiti. Nan gidana a Yalwawa, ba garinmu Buji ba, saboda masu gashin ƙashi sun ce sai ana kai shi duk mako. Ɓarin dama ya shanye, baki ya karkace. Na ba shi ɗakina. Ni da Goggo Iyatu, ƙanwarsa, mun koma falo, ni da ita da kwalabena.

Yaya Sagiru ya kira daga Fatakwal. "Mashkura, ki yi haƙuri, aiki ne ya riƙe ni." Kamar ni wasa nake yi.

Laraba, 9 ga Afrilu

Goggo ta ɗaga kwalba ɗaya ta kai wajen taga. "Wai waɗannan ƙazaman dodon koɗin kika je har Gana kika kwaso?"

Na ce ba dodon koɗi ba ne, danginsa ne dai. A bakin teku suke, manne da duwatsun da igiyar ruwa ke duka. Ƙoƙonsu ba ya murɗewa, a kife yake kamar ƙaramar malfa, bai fi girman farcen babban yatsa ba. Shi ya sa nake ce musu 'yan malfa. A littafi Siphonaria ne. Akwai wasu masu kama da su sak, su ake ɗauka na asali, nawa kuma ake ce musu na ƙarya, don kamar a ƙoƙo ta tsaya. Ciki dabam.

Ta ce, "Na ƙarya ma kika zaɓa." Ta ajiye ta goge hannu da zane.

Asabar, 12 ga Afrilu

Malam Misbahu tela, maƙwabcinmu, shi ke shigowa da safe ya yi wa Baffa wanka. Allah ya saka masa. Sauran yinin ni ce. In zan canza masa shimfiɗa sai ya runtse ido ya juya fuska bango. Mutumin da ko hularsa ban taɓa ganin ya cire a gabanmu ba.

Hausarsa ta gudu, Fillanci ya dawo. Ni kuwa Fillancin nawa bai wuce gaisuwa ba. Yau ya daɗe yana cewa ndiyam kafin Goggo ta ɗago murya daga kicin, ruwa yake so, ke.

Talata, 15 ga Afrilu

Saƙo daga Farfesa, malamar da ke duba aikina a can Gana. Ta ga zanen da na tura mata. Abin da nake zargi tun bara, ita ma yanzu ta fara zarginsa: waɗanda na ɓamɓaro daga saman dutse, inda rana ke gasa su, da waɗanda na samo can ƙasa kusa da ruwa, suna ɗaya ake kiransu da shi, amma kayan haihuwarsu ba su yi kama ba. Wataƙila jinsi biyu ne aka haɗe.

Amma zane ba hujja ba ne. Nawa sun sha maganin da ke lalata ƙwayoyin gado, ba za su gwadu ba. Sai sababbi. Za su fita bakin teku ƙarshen Yuni, aikin wata uku, akwai gurbina. In ba zan samu zuwa ba in faɗa da wuri, akwai wani ɗalibi da zai karɓi aikin.

Na karanta a tsaye, riƙe da kofin kunu. Baffa yana jira da baki a buɗe.

Juma'a, 25 ga Afrilu

Na je makarantar da nake koyarwa don in yi amfani da madubin ƙara girma na ɗakin gwaji. Ban ko gama feɗe na farko ba Goggo ta kira tana kuka. Baffa ya yi ƙoƙarin tashi da kansa, ya faɗo daga gado. Goshi ya fashe.

Ba zan ƙara fita ba. Shugaban sashe ya ara mini wani tsohon madubi, ya ce in tafi da shi gida. Bai kalle ni ba da yake faɗa. Na gane.

Lahadi, 4 ga Mayu

Zafi. Ko duwatsun bayan gari yau kamar za su narke.

Alhamis, 8 ga Mayu

Na kafa madubin a baranda, kan teburin guga, inda zan riƙa hango ƙafafun Baffa ta ƙofa. Haka nake aiki yanzu: ido ɗaya a madubi, kunne a ɗaki.

Na raba ɗan malfa ɗaya da ƙoƙonsa. A cikin ƙoƙon ga tabon tsoka ya zagaya, bai haɗe ba ta dama, ya bar ƙofa. Daga nan wani ɗan kwari ya gangara zuwa baki, nan iska ke shiga. Na tsaga fatar baya da tsinin aska, na ɗage da hantsaki. Ga ɗakin numfashi. Na ɗan lokaci na manta da komai, har da sunana.

Sai tari. Na tashi. Da na dawo naman ya bushe a kan gilashi.

Talata, 13 ga Mayu

Kwalbar waɗanda na samo a saman dutse. Murfin ya tsage ban lura ba, zafi ya shanye sifirit ɗin da suke jiƙe a ciki tas. Su ne mafi kyau da nake da su, ni na ɓamɓaro su da wuƙa, ruwa yana dukana har ƙugu. Yanzu sun ƙandare kamar ƙanzo.

Goggo ta ce, "To Allah ya rage mana wari."

Ban san lokacin da bakina ya buɗe ba. Na ce na gaji. Na ce an ɗaure ni a gidan nan kamar akuya a turke, shi ɗa namiji yana can yana shan iska, ni da ba ni da miji ba ni da ɗa an ga ba ni da abin yi. Na ce rayuwata ce ke bushewa, ba katantanwa ba.

Ƙofar ɗakin a buɗe take.

Laraba, 14 ga Mayu

Baffa ya ƙi karɓar abinci daga hannuna. Goggo ce ta ba shi, rabi a baki rabi a riga.

Alhamis, 15 ga Mayu

Yau ma. Na durƙusa bakin gado na ce, "Baffa, ka yafe mini, zafin rana ne." Yana kallon silin. Da ma zagina ya yi.

Malam Misbahu da zai fita ya tsaya a zaure. "Malama, jinya ba a yin ta da mutum ɗaya. Ki kira yayanki." Na kira. Ya ce sai Babbar Sallah.

Laraba, 21 ga Mayu

An yi ruwan farko jiya da la'asar. Da safe Baffa ya nuna baranda da hannun hagu. Muka ɗora shi a keken marasa lafiya muka fito da shi, ina tsammanin ƙamshin ƙasa yake so. Sai ya nuna madubin.

Na sauke madubin kan kujera, na riƙe wa Baffa kai. Ya daɗe kafin ya gane yadda ake rufe ido ɗaya. Na sa masa harshen ɗan malfa, wanda yake kankare gansakukar dutse da shi, haƙora layi-layi kamar magagari. Ya ɗago ya dube ni, ya koma. Ya sake ɗagowa.

"Ha... ƙora?"

Hausa. Kalmar Hausa ta farko tun asibiti. Goggo ta saki tsintsiya.

Na ce e, Baffa, haƙora. Na ce yana da huhu ma, yana shaƙar iska in ruwa ya janye, in ruwa ya dawo kuma yana da irin abin da kifi ke numfashi da shi. Na ce kowanne mata-maza ne. Nan ya yi wani sauti, na zaci sarƙewa ya yi. Dariya ce, da rabin baki.

Ya sha kunu a hannuna. Ba wanda ya ta da maganar ranar Talata.

Asabar, 24 ga Mayu

Kullum yanzu sai an fito da shi. Ina feɗewa, yana kallo, kamar yadda nake tsugunawa ina yarinya in yana fiɗar rago a Buji. Tambayoyinsa kalma ɗaya-ɗaya. "Ci?" Na ce ba a cika ci ba, suna fitar da wani farin yauƙi mai ɗaci, ko kifi ba ya so. "Teku?" Ta yaya zan kwatanta masa? Mutumin da ya kai shanu har Binuwai da ƙafa, bai taɓa ganin ruwan da ba shi da tsallake ba. Na nuna masa a waya. Ya sa na maimaita har batir ya mutu.

Farfesa ta sake tambaya. Ban amsa ba. Me zan ce? Ina buɗe saƙon in rufe.

Lahadi, 1 ga Yuni

Na rubuta mata cewa ta ba wa ɗalibin. Ban tura ba. Ban goge ba.

Asabar, 7 ga Yuni

Sallah jiya. Yaya Sagiru ya zo da matarsa Sa'adiyya da rago. Da ya ga Baffa a keke ya tsaya turus a tsakar gida, ashe a waya bai gane yadda abin yake ba. Ya shiga banɗaki ya daɗe. Ya fito ido ja.

Yau da hantsi Baffa ya sa aka kira mu mu biyu. Ya kama hannun Yaya ya dafa shi a kan gadon, ya danna. Ya yi magana mai tsawo da Fillanci, yana tsayawa yana haki, Goggo tana juya mana. Wai Sagiru ya zauna. Wai ya ji abin da na faɗa ran nan, kuma ba ƙarya na yi ba. Wai shi bai taɓa ɗaure dabba mai son tafiya ta yi ƙiba ba.

Na ce, "Baffa, ni ban ce..."

Ya ɗaga hannu. Wannan da Hausa ya faɗa, da kansa, ban da "ɗiyata" da ta fito da Fillanci: "Tafi, ɓingel am. Ki gani."

Yaya ya ce zai nemi hutu, in an hana shi Sa'adiyya za ta zauna, shi ya riƙa zuwa. Ya faɗa yana kallon ƙasa. Na jira in ji daɗi. Na fita baranda na jira. Daɗin bai zo ba.

Talata, 10 ga Yuni

Na amsa wa Farfesa: ina zuwa. Ta turo alamar tafi har uku.

Na ɗauko jaka daga saman kwaba, na wanke takalman roba. Na koya wa Yaya yadda ake juya Baffa ba tare da an ja kafaɗar da ta mutu ba. Hannunsa nauyi. Cokali kuma cika shi yake, ga sauri, ba ya jira ya ga maƙogwaro ya motsa. Na karɓa na ce bari in nuna maka, sai ga shi na ba da kunun har ƙarshe. Sa'adiyya tana ta kallona.

Da yamma na sake rubuta wa Farfesa. Na tambaye ta ko dole ne wata ukun. Na ce in an dace da janyewar ruwa, mako uku ya ishe ni in tara abin da nake buƙata, fiɗar kuma ina iya yinta a nan gida, ai ina da madubi.

Ta ce, lafiya dai? Na ce lafiya lau, hasken barandarmu ne ya fi kyau.