An Goge Mijina, An Bar Kifi

Leokadia Drozdek,
Gida mai lamba 14, hawa na uku,
Titin Lipowa, Kraków.

21 ga Nuwamba, 2016.

Zuwa ga:
Pan Dakta Remigiusz Kalita,
Babban Darakta,
Gidauniyar Kunnen Jiya Mai Adana Tsofaffin Faya-fayan Rediyo,
Kraków.

Game da: Goge marigayi mijina, Hipolit Drozdek, daga faifan kiɗan jaz na ranar 22 ga Disamba, 1953, da jingina masa aikin da kifi ya yi.

Ranka ya daɗe, Pan Darakta,

Bayan gaisuwar ban girma da fatan kana cikin ƙoshin lafiya, ni ce mai suna a sama, tsohuwar mai haɗa magunguna da ta yi ritaya. Shekaruna tamanin da biyu, hankalina garau yake, kunnena kuma ya fi na wasu ma'aikatanka, kamar yadda za a gani a ƙasa.

Kafin in jera koke-kokena, wajibi ne in bayyana yadda aka samu wannan faifai, domin cikin waɗanda suka shaida abin saura mu biyu a duniya, ɗayan kuma dariya ta hana shi magana.

Kamar yadda ranka ya daɗe ya sani, a wancan zamani hukuma ba ta ƙaunar jin jaz, sai a ɓoye ake kaɗa shi cikin gidaje. Gidan mahaifiyata kuwa kowane bango nasa akwai kunnen wata maƙwabciya manne da shi, in ban da na banɗaki. Saboda haka a banɗaki aka yi. Ranar Talata da hantsi mahaifiyata ta tafi layin sayen lemu, wanda ba a dawowa daga gare shi kafin yamma. Marigayi Wincenty, ma'aikacin rediyo, ya turo na'urar ɗaukar murya cikin keken jarirai, lulluɓe da bargo, har wata tsohuwa ta tare shi a matakala tana yi masa barka. Pan Alojzy Bielak ya zauna a kan murfin masai, ya cusa safa a bakin ƙahonsa don rage amo. Wani dogo mai ƙaton goge ya maƙale a bayan ƙofa. Hipolit, wanda a lokacin yake nemana da aure, ba shi da ganga kuma ba shi da halin saye, don haka ya durƙusa a gaban akwatin tafiya na kwali da burushin goge takalmi guda biyu. Ni ce na riƙe makirufo, ba labari aka ba ni ba.

A cikin baho kuma, kamar kowane gidan mutunci idan Kirsimeti ta ƙarato, kifin karp ɗinmu ne yake iyo yana jiran ranarsa. Babu inda za a kai shi. Hipolit ya raɗa masa suna Pan Sufeto, wato Malam Sufeto, saboda irin kallon da yake bin mu da shi.

Wincenty ya ɓoye faifan a ɗakin ajiyar rediyo da sunan waƙoƙin girbin dankali. An saka shi a rediyo sau ɗaya a 1957, bayan gari ya ɗan yi sauƙi, daga baya ya zo hannun Gidauniyarku. Ga abin da nake kuka da shi:

1. Ranar Asabar, 5 ga wannan wata, aka gayyace ni bikin ƙaddamar da faifan bayan an yi masa abin da takardar gayyata ta kira tsabtacewa. Na gyara gashi, na sa rigata ta zuwa coci, aka zaunar da ni a layin gaba. Tun rasuwar Hipolit a 2009 nake jiran wannan rana, domin babu wani wuri a duniya da aka ɗauki kiɗansa sai nan. Aka kunna. Na ji ƙahon Alojzy, na ji goge, har tarin da na yi a tsakiya na ji. Mijina ne kawai ban ji ba. Na zaci yana tafe, na yi ta sauraro har aka tafa.

Bayan an tashi na tare Injiniya Norbert Sowa, wanda ya yi aikin, na tambaye shi cikin ladabi ina burushi. Ya ce, yana ta fara'a, "Ai Pani, ba ki ga yadda muka samu abin nan ba! Wani shuu-shuu ne tun daga farko har ƙarshe, kamar ana soya ƙwai. Wata huɗu na yi ina kankare shi da kwamfuta. Yanzu ko ɗigo babu." Na ce masa, "Yaro, shuu-shuun nan mijina ne." Ya yi dariya, ya ce tsofaffi akwai ban dariya, ya miƙo mini kek. Ina so ya shiga cikin bayanai cewa ban ci kek ɗin ba.

2. Da a nan abin ya tsaya, da na koma gida na yi kukana ni kaɗai. To amma Injiniya Sowa, da ya kankare mijina tas, ya bar wani sauti guda, wato facal ɗin nan mai ƙarfi da ake ji sau uku kusa da ƙarshe. A ɗan littafin da aka raba tare da faifan, Farfesa Zenon Mroczek ya cika shafi shida a kan wannan facal. Ya rubuta cewa Hipolit Drozdek ya kame hannunsa da gangan tun daga farkon kiɗa domin ya nuna wa azzalumar hukuma yadda shirun al'umma yake, sannan ya saki duka uku da suka girgiza zamani. Ya kira abin salon Drozdek.

Ranka ya daɗe, Pan Sufeto ne. Alojzy ya ja numfashi ya busa da ƙarfi, safar ta yi tsalle daga bakin ƙaho ta faɗa cikin baho, kifi ya firgita ya daki ruwa da jela. Na farko ke nan. Na biyu, lokacin da mai goge ya miƙa sandarsa zai tsamo safar. Na uku ban san dalilinsa ba, ina jin ra'ayin kansa ne. Har yau akwai tabon ruwan a jikin akwatin.

Mijina bai taɓa kame hannunsa ba a rayuwarsa. Mutumin da yake kaɗa teburi yana jiran miya, yake kaɗa bencin coci ana tsakiyar wa'azi, shi ne za a ce ya yi shiru don ya ba gwamnati haushi? Da na bayyana wa Farfesa haka ta waya ranar 8 ga wata, ya ce iyalan manyan masu fasaha ba safai suke gane zurfin nasu ba. Na ce masa in gwanin da yake yabo yake nema, ni na cinye shi da bakina a jajibirin Kirsimetin 1953, soyayye, da dankali, kuma ƙaya ta yi masa yawa. Ya kashe waya.

3. Tun daga ranar bikin ban sake samun sukuni ba. Ɗaliban makarantar kiɗa suna hawowa har hawa na uku su ga gidan mai salon Drozdek. Jikata ta nuna mini a wayarta wasu samari zaune a gaban ganguna masu tsada, hannu a harɗe, sun sha mur, sai can su ɗaga sanda su yi facal sau uku, jama'a na ihu. An ce har gasa za a shirya. Ni ban hana kowa neman abincinsa ba, amma da sunan mijina ake wannan zaman banza.

Mai sayar da kifi na kasuwarmu, wanda na yi kuskuren faɗa wa gaskiyar magana, yanzu da ya hango ni sai ya ɗaga karp ta jela ya ce, "Pani Leokadia, ga wani maroƙin ya iso! A naɗe miki shi ko sai ya gama waƙa?" A gaban mutane yake yin haka.

Na je wurin Pan Alojzy a gidan tsofaffi domin ya sa hannu a matsayin shaida. Na karanta masa shafi shidan nan. Ya yi dariya har haƙoransa na roba suka faɗo a cinya, ma'aikaciyar jinya ta roƙe ni in tafi. Abin da ya iya cewa kawai, yana kiranmu ni da Hipolit da sunayenmu na gida, shi ne, "Lodzia, ki bar su mana! Hipek ya shekara hamsin yana kiɗa ba wanda ya san shi, kifi ya yi minti ɗaya ya samo masa suna. Ni ma da na sani da tuni na shiga bahon." Duk da haka ya yi alkawarin zai maimaita shaidarsa a gaban duk wanda ofishinka ya turo, in an ba shi lokaci ya natsu.

4. Wannan shi ne mafi nauyi, ina roƙon a karanta shi da kyau. Ranar 14 ga wata na zo ofishinku da kaina, a tasi, na nemi a ba ni kwafin faifan yadda yake kafin a tsabtace shi. Sakatariyarka ta ce ranka ya daɗe yana taro. Injiniya Sowa ya fito ya ce kwafin farko ya share shi, wai ya cika masa kwamfuta, kuma me za a yi da datti bayan an yi wanki. Na tambayi ainihin tef ɗin Wincenty. Ya ce yana nan a ɗakin ƙasa, amma ya fara warin tsami, yana lalata na kusa da shi, don haka an sa shi cikin waɗanda za a zubar ranar 31 ga Disamba.

Wato idan ba a yi wani abu ba, daga ranar ɗaya ga Janairu babu sauran inda za a ji hannun Hipolit Drozdek a duniya, sai jelar kifin mahaifiyata ɗauke da sunansa. A cikin tasi na yi kuka har direba ya kashe rediyonsa, ni da ban yi kuka a bainar jama'a ba ko a ranar jana'iza.

5. An kuma sanar da ni cewa za a kafa allon tunawa a ƙofar tsohon gidanmu, da hoton hannu riƙe da sandar ganga. Mijina bai mallaki sandar ganga ba sai a 1961, kuma ko da ya samu, burushinsa ya fi so. Idan dole sai an kafa allo a kan facal, to a zana wanda ya yi shi.

Bisa ga abubuwan da suka gabata, ina roƙon ranka ya daɗe, cikin ƙanƙan da kai, da ya ba da umarni kamar haka:

Na farko, a dakatar da zubar da tef ɗin nan take, a fito da shi daga ɗakin ƙasa. In wari ne matsalar, a kawo shi gidana. Na zauna da mijin da yake cin ɗanyar tafarnuwa kowace safiya don maganin mura, warin tef ba zai kore ni ba.

Na biyu, a sake kwafe shi yadda yake, da dattinsa, kuma a samo wa Injiniya Sowa wani aikin a ranar, nesa da wurin.

Na uku, a gyara ɗan littafin. A rubuta: Hipolit Drozdek, akwati da burushi. A ƙasa kuma, tunda ni ba mai tauye haƙƙin kowa ba ce: Pan Sufeto, jela. Farfesa yana iya riƙe shafukansa shida, sunan kawai zai canza.

A ƙarshe, ranka ya daɗe, kada a ɗauka ban fahimci Injiniya Sowa ba. Babu wanda ya kai ni ƙorafi a kan wannan shuu-shuu. Sama da shekara hamsin ina fama da shi. A teburin cin abinci shuu-shuu, a jikin taga shuu-shuu, a kafaɗata cikin jirgin ƙasa shuu-shuu, da burushi ko da tafin hannu. Kullum maganata ɗaya ce, "Hipek, don Allah ka bar mutane su ji da kunnensu." Shi kuma ya ce, "To, Lodzia, na bari," ya koma yi a gwiwarsa a ƙarƙashin teburi, yana zaton ba na ji.

Yanzu ya bari. Akwatin yana nan a kan kabad, burushin biyu suna ciki. Na sauko da su na gwada da kaina ba sau ɗaya ba, abin da yake fitowa ƙarar goge takalmi ce kawai. Minti goma sha ɗaya ne suka rage mini na wannan damuwa, suna ɗakinku na ƙasa. Ina roƙo a dawo mini da su, kada a rage ko kaɗan, kuma in da hali a ƙara murya.

Ina jiran amsarka kafin Kirsimeti. Na riga na faɗa wa jikata bana ba za a sa kifi a bahona ba sai an warware wannan magana.

Ka huta lafiya, tare da dukkan girmamawa.

Taka mai biyayya,

Leokadia Drozdek,
matar marigayi Hipolit Drozdek, makaɗin akwati.